Yadda Ake Kulle Intanet Ɗin Wayar Iska A Wuraren Kasuwanci

LEGAS: Tun daga lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya soma aiwatar da shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas cikin watan Janairu na shekarar 2012, harkokin ciniki suka riƙa dogara ga intanet sannu a hankali. Ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023 kuwa ya ƙara tura 'yan kasuwa manya da ƙanana ga biyan kuɗi da karɓarsa ta waya. A yau da wuya a shiga ofishin 'yan canji, ko kantin sari, ko masaukin baƙi, ba a ga ɗan akwatin nan mai ƙyaftawar fitilu ba, wanda ke rarraba intanet ta iska, jama'a na kiransa rauta.

Amma akasarin masu wannan akwati ba su taɓa duba yadda aka kulle shi ba tun ranar da aka kafa masu shi. Ɗan kasuwar da ba zai yarda ya tafi gida ba sai ya girgiza kwaɗon shagonsa sau biyu, shi ne kuma zai bar lambar wayarsa a matsayin kalmar sirrin intanet ɗin ofishinsa har shekara uku.

Abin Da Mabuɗi Ke Yi

Bambancin intanet ɗin waya da na iska a fili yake. Wanda ke son sauraren abin da ke bi ta cikin waya, dole ne ya shigo ofis ya taɓa wayar. Saƙon da ke bi ta iska kuwa yana ratsa bango ya fita titi, ya shiga shagon maƙwabta da bene na sama, kuma duk wanda ke kusa yana iya kama shi da kwamfuta ba tare da kowa ya sani ba. Babu yadda za a yi a hana kama saƙon. Abin da za a iya yi shi ne a hautsina shi ta yadda wanda ya kama ba zai fahimci komai ba, sai fa in yana da mabuɗin warware shi.

Mabuɗin nan wata doguwar lamba ce da akwatin da wayar hannu ko kwamfuta ke amfani da ita wajen hautsina saƙo da warware shi. Ana auna tsawonta da abin da ake kira bit, wato sifiri ko ɗaya, kuma duk bit ɗaya da aka ƙara yana ninka yawan mabuɗan da ɓarawo zai gwada sau biyu. Aikin mabuɗin iri biyu ne: yana hana baƙo shiga, yana kuma hana shi karanta abin da na ciki ke aikawa.

Ya kamata a fahimci cewa manhajojin bankuna suna da nasu kulle na daban, saboda haka wanda ya shiga intanet ɗin shago ba nan take yake ganin lambar sirrin asusun mai shago ba. Haɗarin yana wani wuri ne. Da zarar ya shigo, ya zama ɗan gida: yana iya kaiwa ga kwamfutar da ake ajiye lissafin kaya da sunayen abokan ciniki, da injin buga takardu, da kyamarorin tsaro. In ya kai ga saitin akwatin kansa, yana iya karkatar da ma'aikata zuwa shafin banki na jabu. Mafi sauƙin ɓarna ita ce ya sha datar da aka saya da tsada, ko ya aikata zamba da layin da ke ɗauke da sunan mai shago.

Kwaɗon Farko Da Yadda Ya Karye

Cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar sadarwa ta iska mai lamba 802.11 a shekarar 1997, kuma tare da ita aka zo da tsarin kulle na farko mai suna WEP. Tsarin ya dogara ne ga wata hanyar hautsina saƙo da ake kira RC4, wadda Ron Rivest ya ƙirƙiro a 1987. Mabuɗin asali bit 40 ne kacal, domin a wancan zamani dokokin Amurka sun taƙaita ƙarfin kullen da aka yarda a fitar zuwa ƙasashen waje. Daga baya aka ƙara shi zuwa bit 104. Wannan ne ya sa tsofaffin akwatuna ke neman a rubuta haruffa 5 ko 13, ko kuwa alamomi 10 ko 26 da suka ƙunshi lambobi daga 0 zuwa 9 da haruffa daga A zuwa F.

Raunin WEP yana cikin wata 'yar lamba mai bit 24 da ake liƙa wa mabuɗin a kowane ƙunshin saƙo, ana kuma aika ta a buɗe. Iyakar yawanta 16,777,216 ne, kuma lissafi ya nuna cewa bayan ƙunshi kimanin 5,000 akwai yiwuwar kashi 50 cikin 100 wata lamba ta maimaitu. A shekarar 2001, masu bincike uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka nuna cewa wanda ya tara ƙunshin saƙo masu yawa zai iya gano mabuɗin gaba ɗaya. A 2007 kuma wasu masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Darmstadt da ke Jamus suka nuna ana iya fasa mabuɗi mai bit 104 cikin ƙasa da minti ɗaya. Tsawon kalmar sirri ba ya ceton WEP, domin aibin yana cikin ƙirar kwaɗon ne.

Darasin Kamfanin TJX

Duniyar kasuwanci ba ta ɗauki wannan gargaɗi da muhimmanci ba sai da asara ta afku. A watan Janairu na 2007, kamfanin TJX na Amurka, mai kantunan T.J. Maxx da Marshalls, ya bayyana cewa an kutsa cikin kwamfutocinsa. Daga bisani ya sanar cewa an sace bayanan katunan biyan kuɗi aƙalla miliyan 45 da dubu 700. Bincike ya nuna cewa ɓarayin sun samu ƙofa ne tun a 2005 ta intanet ɗin iska na wasu kantunansa da ke amfani da WEP, shekara huɗu bayan an shaida wa duniya cewa tsarin ya karye. Daga kantunan suka bi layi har zuwa manyan kwamfutocin kamfanin.

A cikin 2007 ɗin, kamfanin ya ƙiyasta cewa lamarin zai ci masa dala miliyan 256, kuma a 2010 wata kotun Amurka ta yanke wa jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20. Bayan wannan kutse ne majalisar da kamfanonin katunan biyan kuɗi suka kafa don tsara ƙa'idojin tsaro ta haramta kafa sabon WEP bayan 31 ga Maris, 2009, ta kuma haramta amfani da shi baki ɗaya bayan 30 ga Yuni, 2010. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ta kasance a ƙaramin reshe ne, nesa da hedkwata.

Zuwan WPA Da WPA2

A shekarar 2003, ƙungiyar Wi-Fi Alliance, wadda kamfanonin ƙera waɗannan na'urori suka kafa a 1999, ta fitar da WPA a matsayin faci na wucin gadi. Ya ci gaba da amfani da RC4 domin tsofaffin na'urori su iya ɗaukarsa, amma ya zo da wata dabara mai suna TKIP da ke sauya mabuɗi a kowane ƙunshin saƙo. A 2004 aka kammala gyara na sosai, wato WPA2, wanda ya koma ga AES, hanyar hautsina saƙo da wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙiro, gwamnatin Amurka kuma ta amince da ita a 2001. Daga watan Maris na 2006 ya zama wajibi duk sabuwar na'urar da ke son hatimin ƙungiyar ta iya aiki da WPA2.

Yana da kyau ɗan kasuwa ya san yadda kalmar sirrin da ya rubuta ke zama mabuɗi. WPA2 yana karɓar kalma mai alamomi 8 zuwa 63. Akwatin yana haɗa kalmar da sunan da aka raɗa wa intanet ɗin, ya juya su cikin wani lissafi sau 4,096, daga nan ya fito da babban mabuɗi mai bit 256. Duk lokacin da wata waya ta zo shiga, ita da akwatin sukan yi musayar saƙonni huɗu, kowane ɓangare ya tabbatar ɗayan ya san babban mabuɗin, sa'an nan su ƙirƙiro wani mabuɗi na wucin gadi don wannan zama kaɗai. Ita kalmar sirrin ba ta bi ta iska ko kaɗan.

To, amma a nan ne raunin yake. Wanda ya kama waɗannan saƙonni na gaisuwa yana iya tafiya da su gida, ya sa kwamfutarsa ta yi ta gwada kalmomi har ta dace da wadda ta yi daidai, ba tare da akwatin ya san ana gwaji ba, balle ya hana. A 2018 ma Jens Steube, mai manhajar Hashcat, ya nuna cewa a wasu akwatuna ba sai an jira wani ya zo shiga ba kafin a samu abin gwajin. Ke nan duk ƙarfin WPA2 ya rataya ne ga ingancin kalmar da mai shago ya zaɓa.

Lissafin Kalmar Sirri

Wannan magana ce ta lissafi, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane lissafi. A ɗauka, alal misali, ɓarawo yana da kwamfutar da ke gwada kalma miliyan 1 a kowace daƙiƙa, abin da manyan katunan hoto na wannan zamani ke iya yi.

In kalmar sirri lambobi 8 ce kawai, iyakar abin da zai gwada miliyan 100 ne, zai gama cikin daƙiƙa 100. Lambar wayar Nijeriya kuwa, ko da yake lambobi 11 ce, huɗun farko sanannu ne, irin su 0803 da 0805 da 0802, saboda haka 7 ne kawai suka rage, wato miliyan 10 a kowane jeri, aikin daƙiƙa 10. In ƙananan haruffa 8 ne da aka zaɓa barkatai, yawansu ya haura biliyan 208, zai ɗauki kimanin sa'o'i 58. Amma in aka yi alamomi 12 da suka haɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi, aka zaɓe su barkatai, gwada su duka zai ci fiye da shekara miliyan 100.

Sharaɗin shi ne a zaɓa barkatai. Ɓarayi ba daga farko suke somawa ba, sukan fara da jerin kalmomin da mutane suka fi so: sunan shago, sunan ɗa ko 'ya, sunan gari da shekara, sunan ƙungiyar ƙwallo, ranar haihuwa. Kalmar da ta ƙunshi sunan kamfani da 2024 a ƙarshe tana iya kai alamomi 12, amma ba za ta daɗe ba. Hanya mai sauƙin tunawa ita ce a jera kalmomi biyar ko shida waɗanda ba su da dangantaka da juna, a saka lambobi a tsakaninsu. Kada a ɗauki karin magana ko baitin waƙa sananne. Haka kuma ya fi kyau a guji haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, domin ƙa'idar ba ta tanade su ba, kuma wasu na'urori ba za su karɓe su ba.

Ƙofar Baya Mai Suna WPS

A shekarar 2006 aka ƙirƙiro WPS domin sauƙaƙa wa jama'a haɗa na'urori, ko dai ta danna maɓalli ko ta rubuta lambobi 8 da aka buga a jikin akwatin. A watan Disamba na 2011, wani mai bincike mai suna Stefan Viehböck ya nuna cewa akwatin yana duba lambobin ne kashi biyu, huɗun farko daban, sauran daban, kuma ta ƙarshe lambar tantancewa ce kawai da ake iya lissafowa. Maimakon gwaji miliyan 100, abin da ya rage shi ne 10,000 da 1,000, jimla 11,000, aikin 'yan sa'o'i. Wanda ya gano lambar kuwa, akwatin da kansa zai miƙa masa kalmar sirrin, komai tsawonta. Saboda haka kashe WPS yana cikin abubuwan farko da ya kamata a yi.

Tsarin WPA3

A watan Oktoba na 2017, Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven da ke Beljiyam ya bayyana wani aibi a musayar saƙonni huɗun nan na WPA2, wanda aka yi wa laƙabi da KRACK. An magance shi ta hanyar sabunta manhajojin wayoyi da kwamfutoci da akwatuna, amma na'urar da ba a taɓa sabuntawa ba tana nan da aibinta.

A 2018 aka fitar da WPA3, kuma daga watan Yuli na 2020 ya zama wajibi ga sababbin na'urorin da ke neman hatimin Wi-Fi Alliance. Babban amfaninsa shi ne ya sauya hanyar gaisuwa zuwa wadda ake kira SAE, inda kama saƙonni ba ya ba ɓarawo abin da zai tafi da shi gida ya gwada. Dole kowane gwaji ya yi shi da akwatin kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Bugu da ƙari, ko da an gano kalmar sirrin daga baya, ba za a iya warware saƙonnin da aka kama a can baya ba. Shi ma an gano masa wasu kurakurai a 2019, aka kuma gyara su ta sabuntawa, abin da ke ƙara nuna cewa kulle yana bukatar kulawa a kai a kai.

Matakan Saita Akwati

Aikin ba ya bukatar injiniya, kuma ba ya wuce rabin sa'a. Da farko a haɗa kwamfuta da akwatin, zai fi kyau ta waya, domin sauya mabuɗi yakan katse duk wanda ke kan iska. A buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta adireshin akwatin, wanda galibi yakan kasance 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a yawancin akwatunan Huawei. Akan buga adireshin a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin akwatin. Wasu akwatunan zamani kuma ta manhajar wayar hannu ake saita su.

Mataki na biyu shi ne sauya kalmar sirrin mai kula da akwatin. Mutane da yawa ba su san cewa kalmomin sirri biyu ne ba: ɗaya ta shiga intanet, ɗaya ta shiga saitin akwatin. Ta biyun takan zo daga masana'anta iri ɗaya a dubban akwatuna, kuma jerinsu yana nan a intanet kowa na gani. Da irin waɗannan kalmomi na masana'anta ne ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan akwatuna da kyamarori a 2016, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuna a Amurka cikin watan Oktoba na shekarar. Lalle kalmar mai kula ta bambanta da ta shiga intanet, kuma kada ta wuce hannun mutum ɗaya ko biyu.

Na uku, a shiga sashen tsaron wayar iska a zaɓi tsarin kulle. In akwai WPA3, kuma duk na'urorin ofis suna iya aiki da shi, shi ne zaɓi na farko. In akwai tsofaffin na'urori, sai a zaɓi gaurayen WPA2 da WPA3, tare da sanin cewa a gauraye kalmar sirri tana fuskantar irin gwajin da ake yi wa WPA2, don haka dole ta yi tsawo. In WPA2 kaɗai ke akwai, a tabbata an zaɓi AES, a bar TKIP. Akwatin da iyakarsa WEP ko WPA na farko ya gama aiki, sai a sayi wani.

Na huɗu, a rubuta sabuwar kalmar sirri bisa ƙa'idar da aka ambata. Na biyar, a sauya sunan intanet ɗin daga wanda ya zo da shi. Tun da sunan yana shiga cikin lissafin mabuɗi, ɓarayi sukan tanadi jadawalin lissafi tun da wuri don sunayen da suka fi yawa. Sabon sunan kada ya nuna irin akwatin, kuma ofishin da ke riƙe kuɗi ba shi da bukatar tallata sunansa a iska. In akwatin yana aiki a zango biyu, wato 2.4 da 5, a duba cewa an kulle kowanne.

Na shida, a kashe WPS, a kuma kashe damar sarrafa akwatin daga waje in ba a bukatarta. Na bakwai, a sabunta manhajar cikin akwatin, a kunna sabuntawa da kanta in akwai. Kada a yi wannan sabuntawa sai akwatin yana kan batir ko inbata, domin ɗauke wuta a tsakiyar aikin yana iya kashe shi gaba ɗaya. Daga ƙarshe a adana saitin, a sake kunna akwatin, a shigar da na'urori ɗaya bayan ɗaya, a rubuta kalmomin a takarda a kulle su inda ake ajiye takardun banki.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. A bayan kowane akwati akwai ɗan ramin da in aka danna shi na 'yan daƙiƙu, komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta. Akwatin da aka ajiye a kan kanta inda kowa ke kai hannu, ba a kulle yake ba. Haka nan in an kira mai gyara ya maido da shi saitin masana'anta, dole a sake bin matakan nan daga farko.

Ma'aikata Da Baƙi

Mabuɗin da mutum 20 suka sani ya daina zama sirri. Wayoyin zamani suna iya nuna kalmar sirrin da aka adana, ko su miƙa ta ga wata waya ta hoton lamba, saboda haka rubuta wa mutum ita da hannu ba tare da ya gani ba bai hana ta yaɗuwa. Maganin wannan shi ne a raba hanya. Yawancin akwatuna suna da sashen baƙi mai suna da kalmar sirri na daban, wanda ke ba mutum intanet amma ya hana shi kaiwa ga kwamfutocin ofis. Masu otal da gidajen abinci da wuraren jiran fasinja su sa abokan ciniki a nan, su riƙa sauya kalmar lokaci lokaci. Kwamfutar lissafi da na'urar karɓar kuɗi ta POS, in tana bi ta iska, su zauna a babban sashe su kaɗai.

Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko da an rabu lafiya, a sauya kalmar sirri, kamar yadda ake karɓe makullin shago daga hannun yaron da ya tashi. Kamfanin da ma'aikatansa suka yi yawa har wannan ya zama wahala, sai ya koma ga tsarin manyan ma'aikatu mai lamba 802.1X, inda kowane ma'aikaci ke da sunansa da kalmarsa, wata kwamfuta da ke aiki da tsarin RADIUS tana tantance su. A nan in mutum ya tafi, sunansa kaɗai za a soke. Yana da ɗan tsada kuma yana bukatar gwani, amma yana nuna wanda ya shiga da lokacin da ya shiga.

Dabarun Da Ba Su Isa Ba

Akwai shawarwari biyu da ake yawan bayarwa waɗanda amfaninsu kaɗan ne. Ta farko ita ce ɓoye sunan intanet ɗin. Sunan yakan fito a fili duk lokacin da wata waya ta zo shiga, kuma manhajojin da ake samu kyauta suna nuna shi. Ta biyu ita ce tantance na'urori da lambar jikinsu da ake kira MAC. Ita ma wannan lamba a buɗe take tafiya a iska, kuma kwaikwayonta aikin minti ɗaya ne. Suna iya hana maƙwabci mai neman data kyauta, amma ba su maye gurbin mabuɗi mai ƙarfi.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Hana Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mai da shiga kwamfuta ko hanyar sadarwar wani ba da izini ba don zamba ko satar bayanai laifi. Amma doka ta ɗora wa ɗan kasuwa nasa nauyin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya ɗauki matakan kare su. In aka yi kutse mai haɗari ga masu bayanan, dole a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin sa'o'i 72 da sanin lamarin.

Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kuwa, Naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100. Asibiti mai zaman kansa, da makaranta, da kamfanin sufuri, da ofishin canji mai ajiye hotunan katin shaidar abokan ciniki, duk suna riƙe da irin waɗannan bayanai.

In aka auna da wannan, kuɗin rigakafin bai taka kara ya karya ba. Sauya kalmar sirri, da kashe WPS, da buɗe sashen baƙi, ba su cin ko kobo. Abin da zai iya cin kuɗi shi ne sayen sabon akwati in tsohon ba ya ɗaukar WPA2, ko kuwa kamfanin da ya ƙera shi ya daina fitar masa da sabuntawa. Mai sayen sabo ya duba kwalin ya ga an rubuta WPA3, ya kuma tambayi ko kamfanin yana ci gaba da sabunta wannan samfuri. Bayan haka, ya dace a riƙa leƙa jerin na'urorin da ke kan layi aƙalla sau ɗaya a wata, lokacin da ake rufe lissafin wata, kuma in aka ga baƙuwar na'ura da ba a san mai ita ba, a sauya mabuɗi a ranar.